Ranar da Na Auna Jar Mota da Zare

Sai da na sauka Madina na san cewa ni direban gida ne. Ejan ɗin da ya yi mini hanya a Kano ya rantse da Allah gareji za ni, garejin manyan motoci, har da hoto ya nuna mini a waya. Shekara goma sha shida na yi ina kwanciya ƙarƙashin mota a Sabon Garin Zariya, kafin a buɗe bonet na gane ciwon inji da kunne, amma takardar da aka miƙo mini ta ce aikina kai yara makaranta da ɗauko kayan miya. Na kira lambar mutumin nan sau ba adadi. Har yau a kashe take, ni kuma har yau ban yafe ba.

Gidan da aka kai ni yana unguwar Azizya. Mai gidan, wanda sunansa ke kan iƙamata, takardar izinin zama, a matsayin kafil, wato ubangidan da zamana a ƙasar ya rataya a kansa, dattijo ne mai gonar dabino a Badr, ana ce masa Abu Nawwaf. Ɗakina yana kan rufin bene kusa da tankin ruwa, da rana ba ya shiguwa. Sunana Garba. Na faɗa musu sau uku, na ga ba mai buƙata, na bar su da Muhammad ɗin da suke kiran duk wani ɗan aiki. Larabcin da na fara iya ma na tsawa ne, domin shi aka fi yi mini. In na rasa hanya tsawa, in na iso da wuri tsawa, in na yi shiru a ce ina fushi. Ina fushin kuwa, ba ƙarya suka yi mini ba. Ranar da matata Hajara ta kira ta ce an yi ruwan farko a Zariya, sai da na kifa kai a kan sitiyari a ƙofar makarantar yara.

Dattijon ba shi da mugunta, sai dai idonsa ya yi rauni kuma bai iya waya ba. A ƙasar nan kuwa duk maganar takardun ɗan aiki a waya take: sabunta iƙama, hutu, sauya ubangida, sallama. Wayar tana hannun babban ɗansa Nawwaf, saurayi mai kamar shekara ashirin da bakwai, wanda bai taɓa amsa sallamata da baki ba sai da gira. Tun a watan farko na gane cewa uban ne kafil a takarda, amma ɗan yatsan Nawwaf ne ke riƙe da ni.

Abin da ya hana ni haukacewa shi ne Juma'a. In an sauko masallaci nakan wuce unguwar Ƙurban, ɗakin Malam Haruna, wani Bamaraɗe mai gyaran wayar mota da ya shekara ashirin a garin. Shi ne mutumin farko da ya kira ni da sunana a Madina. Yakan tuƙa tuwo da kansa, ya kaɗa kuka da daddawar da ake aiko masa, mu zauna mu shida ko bakwai muna ci muna zagin iyayen gidanmu. Da ya ji tarihina sai ya kai ni warsha, garejin da yake aiki. Mai wurin ya tayar da wata mota mai rawar inji, ya harɗe hannu yana kallona. Na ɗora sukundireba a kan injin, na kara kunne a ƙotarta, na nuna masa fulogi na uku. Ya ce in kafil ɗina ya yarda ya sake ni kafin iƙamata ta ƙare, shi zai ɗauke ni, sauran takardu kuma ya san yadda zai yi.

"Ka lallaɓa su, ƙanena," in ji Malam Haruna. "Nan ba gida ba ne. Ko da kai ke da haƙƙi, ka ce tayyib, wato 'to', ka sunkuyar da kai, halas, shi ke nan."

Na lallaɓa. Na gyara wa dattijo tsohuwar a-kori-kurarsa da aka ce ta mutu, ranar da ta tashi ya yi dariya har da tari. A nan na roƙe shi. Ya ce ya yarda, in sha Allahu, amma in bari Nawwaf ya gama da maganar motarsa tukuna, yanzu kansa ba ya ɗaukar komai. Saura wata uku iƙamata ta ƙare.

Maganar motar kuwa ita ce wannan. Nawwaf da abokansa sun faɗa wa wata sabga: akwai filin tsere a wajen Riyad, kwalta ce mai kwana-kwana da aka kewaye, mutum ya shiga da motarsa ya yi ta zagaye iya gudun da zuciyarsa ta ɗauka. Ya gaji da aron ta abokai, yana son tasa. Uwarsa ta yi kuka, ubansa ya yi faɗa, a ƙarshe suka haƙura. Amma dattijo ya kira ni falo, a gaban ɗan nasa, ya ce:

"Kai makanike ne. Duk motar da zai saya ka duba ta. In ka ga abin da zai kashe mini ɗa ka yi shiru, Allah ya gani."

Nawwaf ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wa uban, "Wannan? Wannan da a garinsu da guduma suke gyaran mota?"

Ba zan ɓoye ba, da farko ban san komai a kan irin waɗannan motoci ba. Mu a Zariya in za a zaɓi mota sai a duba ko cikinta zai taɓa ƙasa a rami, ko kayan gyaranta na samuwa, ko tana shan mai. Da na faɗi haka a mota, Nawwaf da abokinsa suka yi ta dariya har aka tsaya a danja. Na haɗiye. Amma da suka sa ni na tuƙa su Riyad, tafiyar yini guda, na wuni a tsaye jikin shingen filin ina kallo, ba wanda ya ce mini ga inuwa. Nan na yi karatuna. Masu ƙaton inji su ke wucewa gaba a zagaye biyu na farko, da ƙara kamar za su tsaga ƙasa. A na huɗu ko na biyar sai ka ga sun fito, birki na hayaƙi, ruwan lagireto na tafasa. Ƙananan marasa nauyi kuwa suna nan suna zagayawa har la'asar. Wani makanike ɗan Filifin ya ga yadda na ƙura ido, ya miƙo mini ruwan sanyi, ya nuna mini taya, ya nuna birki, ya nuna lagireto, sannan ya nuna inji ya karkaɗa hannu, alamar shi ne na ƙarshe. Ba mu da yare ɗaya da shi amma na fahimce shi sarai.

Motoci uku Nawwaf ya ware. Akwai baƙa ƙirar Amurka, mai inji kamar na tirela da nauyin da ya yi daidai da shi. Akwai fara 'yar ƙarama ƙirar Japan, mai kujera biyu, wadda ba ta da wani kwarjini amma lafiyarta lau, kuma ko ya buga ta a shinge gyaranta ba zai gagara ba. Sai ja ƙirar Jamus, ta hannu, wadda ke wani wurin sayar da motoci a bakin gari. Na ce masa ga wanda yake koyo, farar ta fi. Ya ce farar motar 'yan mata ce, kuma ba a tambaye ni ba. Jar ce ta tafi da hankalinsa. Ni ma da na ga hotonta na yarda tana da kyau, kuma irin ƙirarta don wannan aikin aka yi ta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne arhar da aka yi mata.

Ranar Asabar bayan la'asar muka je. Ban sani ba ashe tun daren jiya ya sa hotonta a waya ya rubuta cewa ta zama tasa, ya kuma gayyato abokansa biyar su zo su ga ana ba shi makulli. Dillalin wurin wani saurayi ne baƙi kamar ni, Majid, cikin farar jallabiya mai guga. Ina ganin fuskarsa na san jinin gida ne, irin waɗanda kakanninsu suka zo aikin hajji suka zauna. Na ce masa, "Sannu da aiki, ɗan'uwa." Ya ji ni sarai, domin idonsa ya motsa. Ya amsa da Larabci, ya juya mini ƙeya.

Ya fito da takardar gwajin kwamfuta ya miƙa wa Nawwaf: inji lafiya, giya lafiya, ba ta taɓa haɗari ba. Aka tayar da ita, abokai suka ɗaga wayoyi. Injin kam ba shi da laifi, na saurara da kyau. Nawwaf ya ce mini, don dai ya fita haƙƙin ubansa, "Yalla, maza duba, minti biyu."

Na zagaya ta. A gefen dama, wajen ƙofa, hasken fentin bai yi daidai da na hagu ba. Na ciro mayen ƙarfen da nake yawo da shi, na naɗe shi a hankici don kada ya karce fenti, na bi jikin motar da shi. A hagu yana kamawa. A dama, daga bayan tayar gaba zuwa ƙofa, sai ya zame ya faɗo hannuna, alamar an cike lotsa an shafe. Wannan kaɗai ba ya hana sayen mota. Sai na miƙar da sitiyari, na ciro zaren da muke aiki da shi a gida, na ɗora bakinsa a tsakiyar wilin gaba na hagu, na ja zuwa tsakiyar na baya, na ƙulla. Na zagaya dama na auna. Ƙullin ya wuce tsakiyar wili da faɗin yatsa biyu. Na sake, haka. Lokacin an fara dariya, wani yana cewa tela aka kawo. Na kwanta a ƙasa da farin kayana na leƙa da fitilar waya. A ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ta dama an shafa baƙin fenti sabo, a ƙarƙashinsa kuma ga tudun walda. Na san wannan ɗinkin domin na sha ganin ana yin irinsa, mota ta daku a ja ta da sarƙa a haɗa. A cikin gari za ta yi shekara goma ba abin da ya same ta. A filin can, a taka birki da ƙarfi a shiga kwana, ban san ranar da za ta buɗe ba.

Ina kwance sai na ga takalmin Majid kusa da kaina. Ya durƙusa kamar mai duba taya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, da Hausa tsantsa, irin ta tsofaffi:

"Kawu, ka fito ka ce lafiya lau. Kai baƙo ne, iƙamarka a hannun yaron nan take. Ba ruwanka."

Wallahi da ya ci gaba da Larabcinsa, wataƙila da na yi tunani. Amma a ce Hausar da ya hana ni a gaisuwa ita ce ya ciro don ya rufe mini baki, sai na ji kaina ya yi zafi. Ga kuma abin da na saba da shi. A garejinmu in ka raka maigida sayen mota, a gaban mai sayarwa kake faɗin aibinta, da ƙarfi, kowa ya ji. Haka ake nuna wa maigida cewa ba a cuce shi ba, haka ake kare masa mutunci. Ban taɓa sanin akwai wata hanya ba. Na fito, na kakkaɓe riga, na ɗaga zaren sama, na faɗa da guntun Larabcina, yadda har na bakin ƙofa zai ji:

"Ustaz Nawwaf, wannan mota karyayya ce! Ta yi haɗari babba, an yi mata walda. Cutarka za su yi. In ka shiga fili da ita mutuwa za ka yi!"

Sai ɗaya daga cikin abokan ya fashe da dariya, sauran suka bi, wayoyi duk suna kaina da kan Nawwaf. Wani ya ce, "Direbanku ya fi ka sanin mota, ya Nawwaf!" Majid ya hau rantsuwa yana kaɗa takardar kwamfuta, yana cewa a fitar masa da wannan mahaukacin. Ni kuwa ina tsaye ina jiran a ce mini sannu. Da na dubi fuskar Nawwaf na ga ta yi fari fat. Ya karɓe makullin motar gida daga hannuna, ya ce in koma da ƙafa. Na isa Azizya bayan magariba, ƙafata duk ta yi bororo.

Da na ba Malam Haruna labari a waya, sai ya ce, "Kash, Garba. Da ka ja shi gefe ka raɗa masa a kunne, shi ya fito ya ce ya fasa, a ce shi ne mai ido. Yanzu ka baƙanta masa fuska a gaban shabab, samari 'yan'uwansa. Mutanen nan sun fi yafe mari a ɗaki a kan a kunyata su a bainar jama'a."

"To in bar shi ya mutu, Malam?"

"Ban ce ba. Na ce akwai yadda ake yi."

Kwana biyu bayan nan aka ce in tattara in tafi Badr, injin ban-ruwa na gona ya lalace. Injin kam na gyara shi a yini ɗaya, amma ba wanda ya ce in dawo. Na zauna cikin dabino da ƙudaje, ina jan tiyo, ina kwashe busassun ganye masu ƙaya da suka farfasa mini hannu. Mai gadin gonar, Baba Adamu, tsoho ne daga Sudan mai wata irin Hausa da sai na kasa kunne nake ganewa. Shi ya riƙa shafa mini man zaitun a tafin hannu, yana dama mini kunu da safe ba tare da ya tambaye ni laifin da na yi ba. Kullum ina lissafin kwanakin iƙama. Mai warsha ya aiko sau biyu yana tambaya. Dattijo ya zo gonar sau ɗaya, na tare shi a bakin rijiya. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce Allah ya saka mini, ya sa aka ba ni kwalin dabino mai kyau. Da na ce, "Baba, maganar takardata fa?" sai ya kau da kai ya ce yaron yana fushi, in ƙara haƙuri. Na tsani wannan kwalin dabinon, ko ɗaya ban ci ba.

A mako na shida saƙo ya shigo wayata da Larabci. Na kai wa Baba Adamu. Ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau.

"Huruj niha'i ne, ɗana," ya ce. "Fita ta ƙarshe. An sallame ka gida."

Na koma Azizya ɗaukar jakata da hantsi. Ina shiga tsakar gida na gan ta a ƙarƙashin rumfa: farar 'yar Japan ɗin nan, da sababbin tayoyi masu faɗi, an ɗaura mata ƙarfen kariya a ciki. Nawwaf yana tsaye kusa da ita da hular kwano a hannu. Na hau sama na haɗa kayana, na sauko. Na yi niyyar wucewa ban ce komai ba, amma bakina bai taɓa yi mini biyayya ba.

"Ustaz, ina jar?"

A karon farko tun zuwana ya dube ni a ido.

"Na sa an ɗora ta a na'urar auna ƙarfe kafin in biya," ya ce. "Karyayya ce. An haɗa ta a wuri biyu, wuri ɗaya kawai ka gani."

"To me na yi maka? Ubanka ya yi mini alkawari. Danna waya ne kawai, ga mai warsha yana jira. Ina da mata da 'ya'ya uku."

"Ka san sunan da suke kirana da shi yanzu? Abu Zare. Har a wurin aiki. Bidiyon ya zagaya ko'ina." Ya juya hular a hannunsa. "In ka koma warsha, nan garin za ka zauna, duk wanda ya kai maka mota sai ya ce ga mutumin. Da ƙarya ka yi, ya Muhammad, da na yafe maka tuni."

Na tsaya ina kallonsa, jakata a kafaɗa. Na nemi abin da zan faɗa da Larabci na rasa, na Hausar kuma da ya zo mini ba na faɗa ba ne a garin Manzo. Shi kuwa ya gama da ni. Ya buɗe ƙofa ya shiga farar motar, ya tayar da ita, injin ya ɗauka lafiya ƙalau, yadda na san zai ɗauka. Ya sauke gilashi ya nuna mini babban get da haɓa.

"Buɗe mini."

Get ɗin ƙarfe ne mai nauyi, wata goma sha ɗaya ina tura shi safe da yamma. Na dube shi, na dubi Nawwaf. Sai na gyara zaman jakata, na buɗe 'yar ƙaramar ƙofar da ke gefe, na fita, na ja ta a hankali ta rufe. Har na kai bakin titi ina jin yana danna hon.